Yadda Na Zama Hajiya Mai Kare

Na san wasunku ba sa son sunan nan da ake kirana da shi a unguwarmu Badariya. Na ga yadda fuskar babbar jikata ta canza ranar da mai kabu-kabu ya sauke mu a bakin layi ya ce a gaida Hajiya Mai Kare. Ita ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige, ni kuwa na amsa masa da murya sama, har na ƙara masa da sa albarka. Tun ranar na ƙudura sai na rubuta muku yadda abin ya faru, domin labarin ya sha gishiri a bakin mutane. Wasu sun ce kofi na je nema. Wasu sun ce na cinye gasar karnukan baki ɗaya, wannan ma ba haka ba ne, na biyu muka zo, ko da yake ina da ta cewa a kan wannan idan mun kai wurin. Gaskiyar magana ita ce miji na je nema wa wata karya, kuma har yau ban ga abin kunya a ciki ba.

Mahaifina, kakanku Arzika, maharbi ne a wani ɗan ƙauye bayan Gulma, dab da gulbi. Ba shi da babbar gona, ba shi da jirgin su. Abin da yake da shi karnuka ne, irin da ya gada daga nasa uban: dogaye, sirara, masu zurfin ƙirji da ɗamammen ciki, jajaye, kowanne da fari a ƙafa kamar ya sa safa. In suna gudu ba ka jin sawunsu. Akwai kuma wata al'ada a gidanmu wadda duk maharban yankin ke yi mana dariya a kanta. Da yake bakin ruwa muke, kan kifi da ragowar tuwo ne abincin karnukanmu. Tun kafin a haife ni ƙayar kifi ta taɓa maƙale wa wani karen Baba a dasashi, ba wanda ya lura har wurin ya ruɓe, karen ya mutu a hannunsa. Daga nan ya kafa doka, duk karen da ya ci abinci sai an duba bakinsa. Za a tsayar da shi, a dafa haɓarsa, a ce masa "nuna", ya buɗe baki, a duba haƙora da dasashi, sannan a shafa haƙarƙari da ƙafafu ko akwai kaska ko ƙaya. Kuma Baba ba ya yarda mutum ɗaya ya riƙa yi, don kada ranar da ba ya nan kare ya ƙi. Mu 'yan mata mun yi, innarmu ta yi, baƙon da ya tsaya shan ruwa ma in ya yi sake sai ya ji an kama hannunsa an kai bakin kwikwiyo. Maharba suka ce Arzika ya lalata karnukansa, ya mai da su tumaki. Shi dai ba ya tanka musu, sai in an dawo daga daji a ga jakar wa ta fi nauyi.

Ni kuwa aure ya kawo ni Birnin Kebbi, gidan malamai. Mahaifinku Malam Sahabi ma'aikacin gwamnati ne da rana, da yamma yana karantarwa a zaure. Wansa Malam Babba shi ne limamin masallacin layinmu, kuma shi ke da magana ta ƙarshe a zuri'a. Na zauna da su lafiya, na yi karatu a hannun mijina har aka ba ni ajin matan unguwa ina biya musu. Shekaru suka ja, na haife ku, na aurar da ku, na je Makka, gwiwa ta fara yi mini ciwo. In ba gida na je ba, ban sake taɓa kare ba.

Shekarar da Baba ya rasu, karnukansa sun riga sun ƙare sai ɗaya. Daji ya zama gonar shinkafa, samari sun bar farauta, waɗanda suka rage kuma sun bar karnukansu sun gauraya da kowane irin kare har siffar ta ɓace. Wadda ta rage mana karya ce, sunanta Barewa. Da na koma ƙauye bayan an share makoki, na tarar da ita ɗaure a turke, ga wani mutum da babur da keji a baya, irin masu bin ƙauyuka suna sayen karnuka su kai inda ake cin su. Ƙanena Ummaru ne ya ɗaure ta da hannunsa. Ban ga laifinsa sosai ba, shinkafa ta ɗauke masa hankali, ga iyali, ba shi da lokacin kare. Amma da Barewa ta hango ni ta daina jan igiya, sai na ji kamar Baba aka ɗaure. Na dafa haɓarta na ce "nuna", ta buɗe baki. Na juya na ce wa mai babur ya kama hanya tun muna shaida juna. Na kwance igiyar na sa Barewa a bayan motar Malam, shi kuwa ya tattare babbar rigarsa ya ja mota yana istigfari har Birnin Kebbi.

Ba a kwana biyu ba Malam Babba ya zo ya sami ƙanensa. Ina tsakar gida ina jiyo su daga zaure.

"Sahabi, gidan ga gidan karatu na. Tun kakanninmu ba a san mu da kare ba, ba kuwa ga lokacina za a hwara ba."

Mahaifinku mutum ne mai sanyin magana, amma ba ya sakin hujja. Ya tuna wa wansa abin da su biyun suka karanta, cewa an yarda a riƙe kare don farauta da kiwo da tsaron gona, ga kuma garkar zuri'a, wato lambunmu na fadama, awaki da ɓarayin tumatir sun dame ta. Aka yi ta ja har la'asar, aka tsaya a kan cewa Barewa za ta zauna a garka, ba za ta taka ƙofar gida ba. Haka na koma mai zuwa fadama kowace safiya da kwanon kan kifi, in dawo in yi wanka in canza zane in tafi ajina.

Da farko na ɗauka na gama aikina tunda na cece ta. Likitan dabbobin da ke yi mata allurar rigakafi ne ya tayar mini da hankali. Ya ce Barewa ta fara manyanta, in ba ta haihu nan kusa ba to ba za ta haihu ba ke nan, kuma daga ita irin ya tafi. Na dawo gida na kasa cin abinci. Abin da kakana ya bar wa ubana, ubana ya riƙe duk tsawon ransa, a ce a hannuna zai ƙare yana gadin tumatir. Na sa aka yi ta cigiya daga Gulma har Augie, aka dawo mini da labarin cewa namiji ɗaya ne ya rage wanda jininsa bai gauraya ba, Garwashi, karen wani maharbi mai suna Labbo. Na sa Malam ya kai ni har ƙofar gidansa. Labbo ya karɓe mu da mutunci, ya sa aka kawo fura, ya yi wa Baba addu'a, sannan ya ba ni amsa.

"Hajiya, ba raini na ba. Amma kare nau ba shi haɗuwa da karyar garka, wadda kowane baƙo ka sa ma hannu ga baki. Ɗiyan da za a samu tumaki za su zama."

Na sha furar don kada in yi rashin kunya, sannan muka kama hanyar gida.

Likitan nan ne kuma ya zo da labarin gasar. Ya ce masu kiwon karnuka da likitocin dabbobi suna da wata babbar gasa da suke yi, a shekarar nan Argungu za a kawo ta bayan girbi, kuma an buɗe wa karnukan farautarmu na gida nasu gurbin. Na ce masa ina ruwana da gasa, Barewa ta wuce tsere. Ya yi dariya ya ce ba tsere ba ne, ba faɗa ba ne, kallo ne. Ya zauna a bakin rijiyar garka ya yi mini bayani dalla-dalla. Kowane iri yana da siffarsa da masana suka yarda da ita, tsawon ƙafa, zurfin ƙirji, zaman kunne, yadda haƙoran sama ke hawa kan na ƙasa, da yadda yake tafiya. Alƙali ba ya duba wane kare ya fi wane girma ko ƙarfi. Abin da yake nema shi ne wanne ya fi kusa da cikar siffar irinsa. Don haka ɗan karen da bai wuce dunƙulen auduga ba zai iya kayar da wanda ya kai ɗan maraƙi. Wannan magana ta shige ni, don na ga adalci a cikinta. Sai ya ƙara da abin da ya sa na yanke shawara, ya ce Labbo ya riga ya sa sunan Garwashi. Na ce a raina, mutumin da ya ƙi jin maganata a zaurensa, bari idonsa ya gaya masa a gaban jama'a.

Ba a taɓa kawo maganar in shiga fili da kaina ba. Matar malami, mai ajin mata, ta ja kare a gaban maza? Ko ni ban sa wannan a raina ba. Aka shirya Ummaru ne zai riƙe igiya, shi ma yana son ya wanke kansa a wurina. Sai dai girbin shinkafa ya riƙe shi, kullum zai zo gobe, don haka ni na riƙa koya wa Barewa tafiya da igiya tsakanin kunyoyin albasa, ina ɗingishi tana jirana. Babban wanku ya bugo waya daga Abuja yana roƙona in rufa musu asiri, autarku kuwa ta ce in dai an ci a aiko mata hoto. Malam Babba da ya ji bai hana ba, ya dai ce wa ƙanensa duk abin da za a yi a yi shi can Argungu, kada ya biyo mu gida.

Mun isa da hantsi. Ban taɓa sanin Allah ya halicci karnuka iri-iri haka ba. Motoci daga Kaduna, daga Abuja, daga Legas, har da na Nijar. A ƙofa likitoci na duba katin rigakafin kowane kare, suna leƙa ido da kunne, mara lafiya a mai da shi gida ko daga ina ya taso. Wanda ya wuce a ba mai shi lamba ya ɗaura a dantse, don alƙali ba ya son sanin sunan kowa, lamba kawai ake kira. Ciki kuma rumfuna ne a jere, kowane kare da gurbinsa, sai filaye da aka kewaye da igiya, kowane fili da alƙalinsa da mai kiran lamba. Na ga ƙato da gemu ya durƙusa yana taje wa wani ɗan kare gashi, yana busar da shi da na'ura kamar za a kai amarya. Na ga wani kare mai kai kamar turmi, yawu na zuba, mai shi na bin sa da tawul. Malam na tsaye a bayana, riga a tattare, ba abin da yake cewa sai ikon Allah.

Rumfar maharba ta fi kowacce hayaniya. Sun zo da ganguna da layu, wani ma da zomo a buhu, don duk bayanin da aka yi musu, a ransu dai sai an saki wani abu an bi. Kuma sun yi abin da kowane maharbi ke yi in zai fita babbar farauta, sun hana karnukansu abinci tun jiya, don a wurinsu kare mai yunwa shi ne mai zafin nama. Karnukan nan ido ja, sai fizge-fizge suke, ga ƙamshin tsire na tasowa daga bayan fili. Ni kuwa tun da asuba na ba Barewa kan kifinta, na duba bakinta kamar kullum, ta kwanta a inuwa ta ɗora haɓa a kan ƙafa tana kallon duniya. Wani ya leƙo ya ce wannan ai ta ƙoshi, barci ta zo yi. Aka kwashe da dariya.

Da karnuka maza aka fara, don haka tsarin yake, maza daban, mata daban, ƙanana daban, manya daban, sannan gwarzon maza ya kara da gwarzuwar mata a fitar da wanda ya fi a irin. Alƙalinmu wani dattijo ne daga Jos, mai furfura, Hausarsa ta kasuwa. Ya sa aka zaga fili da sassarfa, sannan a tsayar masa da kowane kare ya zo ya buɗe bakinsa, ya shafa shi daga wuya har wutsiya. Nan fa ake yin ta. Na farko ya kai masa cafka, dattijo ya yi tsalle baya ya nuna ƙofa. Dokar ba ta da sassauci, karen da ya nemi cizon alƙali ya fita ko da ya fi kowa kyau. Na biyu ma ya fita, na uku ya fizge igiya ya nufi mai tsire. Maharba suka fara zage-zage, wai an kira su ne don a wulaƙanta su. Labbo ya fi su wayo. Da ya ga haka sai ya roƙi alƙali ya bar shi ya buɗe bakin karensa da kansa, doka kuwa ta yarda da hakan. Garwashi ya yi gurnani amma ya tsaya, aka shafa shi jikinsa na rawa. Na ƙare masa kallo a lokacin, kamar ɗaya daga cikin karnukan ƙuruciyata ne ya dawo. Shi ya ci maza, kuma ya cancanta.

Da aka kira mata, Ummaru ya ɗaura lamba ya kama igiya. Barewa ta dube shi, ta dubi igiyar, ta shimfiɗe a ƙasa. Ya ja, ya lallasa, ya yi mata fito irin na Baba, ko kunne ba ta ɗaga ba. Ba ta manta hannun da ya ɗaure ta a turke ba. Mai kira ya kira lambarmu, ya sake kira, likitanmu ya rugo ya ce in aka yi kiran ƙarshe ba mu shiga ba, an wuce mu ke nan. Na hango Labbo a bakin igiya yana murmushi. Na san in muka juya yanzu ba zan sake samun bakin yi masa magana ba, Barewa kuma za ta tsufa ta mutu a garka ita kaɗai. Na kuma san abin da zai biyo baya in na shiga, don ko'ina ka duba waya ce a ɗage. Na juya wurin mahaifinku.

"Malam, ka yarda in shiga?"

Ya dubi carbinsa.

"Kulu, kin san abin da za a ce Badariya. Kin san Yaya."

"Na sani."

"To kawo jikkar in riƙa maki. Ki bi gwiwar ga a hankali."

Ku da kuka san shi da rawani da littafi, ku kwatanta shi a ranku tsaye a bakin fili rungume da jakar mata. Ban taɓa son sa kamar ranar ba, kuma ina so ku san wannan.

Na tuɓe takalma, na tattare hijabi don kada ya harɗe ni, na karɓi lamba da igiya. Barewa ta miƙe kafin in ce komai. Da muka shiga, fili ya ɗauki sowa da dariya, na ji wani na cewa yau ga Hajiya da kare. Ban kalli kowa ba. Alƙali ya juya yatsa, muka fara zagaye. Ni dai ɗingishi nake da haki, amma ita kamar ba ta taɓa ƙasa. Kai a miƙe, gadon baya ko motsi ba ya yi, igiya a sake tana lilo tsakaninmu. Kafin mu gama zagayen dariyar ta mutu. Na tsayar da ita, ta kafa ƙafafu kamar yadda take yi kullum bayan ta ci abinci, tana jiran a duba ta. Dattijon ya matso a hankali, ƙafa ɗaya a baya don shirin gudu, ya tambaye ni ko zan buɗe masa da kaina. Na ce a'a, ya dafa haɓarta ya ce mata "nuna". Ya dube ni ya ga da gaske nake. Ya dafa, ya faɗa, Barewa ta buɗe masa baki har maƙogwaro. Ya bi haƙora ɗaya bayan ɗaya, ya shafa kafaɗa, ya auna ƙirji da tafin hannu, ya ɗaga ƙafa ya duba, ita kuwa tana kaɗa masa wutsiya. Da ya miƙe ya tambaye ni a wace makaranta aka horar da ita. Na ce makarantar Arzika, bayan Gulma.

Muka ci mata. Aka dawo da Garwashi aka tsayar da su gefe da gefe, ni da Labbo ba mai kallon wani. Alƙali ya sa muka sake zagaye, ya daɗe yana duban wannan yana duban waccan. Garwashi ya fi ta ƙuruciya da ƙarfi, amma yunwa ta hana shi tsayawa wuri ɗaya, hankalinsa na can wajen mai tsire. Dattijon ya ɗauko wani ƙyalle da aka naɗe kamar fure, alamar nasara, ya miƙo mini. Na saci kallon Labbo, na ga murmushin nan ya tafi.

Na ɗauka an gama, ashe hawa ɗaya muka yi. Duk wanda ya ci a irinsa sai ya shiga rukuni, masu gadi wuri ɗaya, masu kiwo wuri ɗaya, 'yan ƙananan nan na cikin ɗaki wuri ɗaya, na farauta wuri ɗaya. Bayan azahar aka kira rukuninmu, sabon alƙali, babban fili. Ga karnukan farauta na ƙasashen waje, wani kunnuwa har ƙasa, wani dabbare-dabbare, masu riƙe da su samari sanye da kwat, aikinsu ke nan, da shi suke ci. Ni ga ni ba takalmi, gwiwa ta kumbura, Malam ya jiƙa mini ƙyalle da ruwan sanyi na ɗaura. Muka zaga, aka duba, aka rage mu, aka sake ragewa, sai na ga yatsan alƙali ya tsaya a kaina. Wallahi sai da na waiga ko akwai wani a bayana. Maharban da suka gama zage-zage da safe su ne suka ɓarke da ganga, har da mai zomo a buhu, don duk abin da ke tsakaninmu karyar gida ce ta kayar da baƙi. Wani tsoho a cikinsu ya ɗaga murya ya yi wa Baba kirarinsa na farauta, wanda rabona da jin sa tun ina budurwa. A nan ne na yi kuka, a tsaye, a gaban kowa.

Zagayen ƙarshe da yamma liƙis aka yi shi, zakarun rukunai kaɗai. Alƙaliyar wata dattijuwa ce daga Legas, an ce tun safe an ajiye ta a masauki don kada ta ga kare ko ɗaya kafin lokacin, ko ta ji wanda jama'a ke so. Ta duba kowa a natse, ta dawo kan Barewa ta sake dubawa, har ta yi mata magana da yarensu tana dariya. Daga ƙarshe ta ba wani baƙin kare irin na 'yan sanda babban kofi, ta ba mu na biyu. Baƙin karen nan kyakkyawa ne, ban hana shi ba. Amma ƙafarsa ta baya tana ɗan shiga ciki in yana sassarfa, na gani da idona, kuma har gobe ina cewa da gwiwata ta bar ni na yi zagayen nan yadda ya kamata, da labarin ya canza. Mahaifinku ya sha ce mini in bar wannan maganar, na ce zan bari ranar da na daina numfashi.

Muna haɗa kaya Labbo ya zo, Garwashi na biye da shi, an sayo masa tsire ya ci ya natsu. Ya gaida Malam, ya tsuguna nesa kaɗan, ya cire hula yana jujjuya ta a hannu.

"Ɗiyar Arzika, na ga abin da nig gani. Mun yi ma tsoho dariya shekara da shekaru, ashe shi ad da gaskiya. In kin yarda, ga Garwashi."

Na so in ja masa rai kamar yadda ya ja mini, amma ba don wannan na zo ba.

"Na yarda, amma da sharaɗi. Duk ɗan da anka samu, ko hannun wa ya tahi, in ya ci abinci a buɗe baki nai a duba. Kuma ba mutum guda ka yi ba."

Ya ce ya ɗauka. Sannan ya miƙa hannu da kansa ya dafa haɓar Barewa, ya sassauta murya don kada abokansa su ji, ya ce mata "nuna".

Hotuna sun riga mu isa Badariya. Ba zan ɓoye muku ba, na ɗanɗana kuɗata. Ba a daɗe ba manyan matan ajinmu suka zo cikin ladabi suka ce sun ga gwiwa na damuna, ya kamata in huta. Na gane, na miƙa musu littattafai. Ajin nan ina son sa, da hannuna na gina shi, kuma har yau in na jiyo muryarsu suna biyawa ta kan katanga sai in tsaya ina saurare. Maƙwabciyar da muke musayar kwano da ita tun muna amare ta daina aiko nata. Malam Babba ya ɗauke ƙafa daga gidanmu, sai da ciwon ajali ya kwantar da mahaifinku sannan ya sake shigowa. Shi kuwa mahaifinku, Allah ya haskaka kabarinsa, bai taɓa ce mini ga abin da kika jawo ba. Kofin ma shi ya ɗora shi a kan kantar littattafansa, in baƙo ya tambaya ya ce na Hajiya ne.

Da damina ta kama Barewa ta haihu a garka, jajaye duka, kowanne da farar safarsa. Ta sake haihuwa sau ɗaya kafin ta tsufa ta mutu a inuwar mangwaro. Ni da Ummaru muka binne ta, shi da sai a ƙarshen ranta ta yarda ta ci daga hannunsa. 'Ya'yan suka watsu. Labbo ya ɗauki nasa, maharban Augie da na Gulma suka yi ta sintiri a garka, manoman shinkafa ma suka nema don gadi. Ban ba kowa ba sai da sharaɗin nan.

Bara na je kasuwar Argungu sayen busasshen kifi, na ga wani magidanci da ban taɓa gani ba zaune a bakin rumfa, kare ja siriri kwance a gefensa. Na tsaya ina kallo har ya lura.

"Hajiya, kar ki ji tsoro. Wanga irin Arzika na. Ko hannu kinka sa mai ga baki ba shi taɓa ki."

Na ajiye kwandona, na durƙusa da gwiwar nan tawa, na dafa haɓar karen na ce "nuna". Ya buɗe. Mutumin ya zaro ido ya tambaye ni inda na san wannan kalma, wai shi a wurin wanda ya ba shi karen ya koya, bai ma san ko wane ne Arzikan ba.

"Shi ya haihe ni," na ce masa.

Na ɗauki kwandona na wuce, kifin ma na manta ban saya ba. Don haka in mai kabu-kabu ya sake kirana da sunan nan kuna kusa, ku ɗaga kai ku amsa tare da ni.